Yayyafi kawai aka yi a unguwarmu, amma ruwa ya cika mana gida: daga ina ya fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana gangaren Tudun Wada a Zariya, ba nisa da rafin Kubanni. Mahaifinmu ya gina shi a farkon shekarun 1980, kuma mun taso ba mu taɓa ganin ruwa ya haura dokin ƙofa ba. 'Yan shekarun nan kuwa kusan duk damina sai mun kwashe kaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, akwai daren da yayyafi kawai aka yi a wajenmu, amma kafin asuba ruwa ya cika tsakar gida. Wasu na cewa dam aka buɗe, wasu na cewa ruwan sama ne ya ƙaru. Don Allah wanne ne gaskiya? Kuma wai duk ruwan da ake yi a Zariya ina yake tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da abin da aka rasa.

Bari in fara da daren nan da ka ambata, domin rabin amsar tana cikinsa. Ruwan da ya cika muku tsakar gida ba a Tudun Wada ya sauka ba. Alamu duk sun nuna a can sama aka yi shi, wajen Samaru da Shika da ƙauyukan da ke kewaye da su, ya kwana yana tafiya a cikin Kubanni, ya iso muku da asuba. Mutumin da ke zaune a bakin rafi, ba hadarin da ke bisa kansa kaɗai ne nasa ba. Duk ruwan da ya faɗi a kan ƙasar da ke gangarowa cikin rafin, tun daga tushensa har daidai ƙofar gidanka, ta gabanka zai wuce, ko ka gan shi yana sauka ko ba ka gani ba.

Ka dubi rufin soro irin na gidajen cikin birni. Magini ba ya barin sa a shimfiɗe, yakan ɗan yi masa doro, kowane sashe da indararon da zai fitar da ruwansa. Ɗigon da ya faɗi a wannan gefen doron ya bi indararon gabas, wanda ya faɗi taku ɗaya daga nan ya bi na yamma. Ƙasa ma haka Allah ya yi ta. Kowane rafi yana da iyakar ƙasar da ke tara masa ruwa, shi ne yankinsa, kuma tsakanin yankin wannan rafi da na wancan akwai doron tudu inda ruwa ke rabuwa, wato marabar ruwa. Ƙaramin yanki kuma a cikin babba yake: lungunku yana zuba wa lambatun bakin titi, lambatu ya kai wa ƙorama, ƙorama ta kai wa Kubanni. Abin da ya sa ba ma lura da wannan a Zariya shi ne ƙasarmu shimfiɗaɗɗen tudu ce, mai tsayin mita 600 da ɗoriya daga teku, sai duwatsu jefi-jefi irin su Kufena da Madarkaci. Marabar ruwa a nan tana iya zama gonar dawa, ko titi, ko layin dogo, ka tsallake ta a kan babur ba ka sani ba.

Kubanni ya faro ne daga wajen dutsen Kampagi kusa da Shika. Kafin ya kai madatsar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka gina a 1973, ƙoramu irin su Goruba da Maigamo da Tukurwa da Malmo sun zuba masa nasu, haka ma ƙoramar da ke kwaso ruwan garin Samaru ta ratsa cikin jami'a. Ƙasar da ke tara wa wannan madatsa ruwa ta kai kimanin murabba'in kilomita 57. Daga nan rafin ya gangaro, ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, ya je ya faɗa kogin Galma. Cikin birni akwai rafin Kamaca, ta kudu akwai rafin Saye, ta arewa akwai rafin Shika, kuma Galma ne matattararsu duka.

Galma ya kai wa kogin Kaduna. Kogin Kaduna ya ratsa garin Kaduna, ya shiga jihar Neja, ya bi ta madatsun Shiroro da Zungeru, ya haɗu da kogin Neja a ƙasar Nufe daura da Fategi. Daga nan sai Lakwaja inda Binuwai ke shigowa, sai teku. Wato ruwan da ya jiƙa muku katifa, wani abu daga cikinsa ya je ya juya injinan Shiroro masu megawat 600, ko da yake wutar ba lallai ta dawo ta unguwarku ba. Abin sha'awa shi ne Zariya tana kusa da inda manyan yankuna uku suka yi iyaka. Idan ka kama hanyar Kano, kafin ka isa ka tsallake marabar da ruwanta ke bin kogunan Kano da Challawa zuwa Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, abin da ya saura ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. Wannan ruwa ba ya ganin teku. Idan kuma ka nufi Funtuwa, a wajen nan kogin Sakkwato ya faro. Ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya karkato ta Argungu da Birnin Kebbi ya shiga kogin Neja, sai can wajen Fategi ya tarar da ruwan Zariya da ya bi gajeriyar hanya.

To, wannan ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe. Sauran kuma sai mun yi ɗan lissafi.

A Zariya akan samu ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kuma Agusta ne ya fi kowane wata. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, ta daɗe tana auna shi. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Filotin ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a lokacin marka, lita 23,000 ke nan ta sauka a kan filoti ɗaya, sama da jarka 900 ta mai lita 25. Ba a kan unguwa ba fa, a kan gida ɗaya.

Wannan ruwa hanya uku yake bi. Wani rana da iska da tsirrai su mayar da shi sama, kuma a lissafin shekara wannan kaso ya fi kowanne yawa a ƙasa irin tamu. Wani ya nutse cikin ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyi, shi ne kuma ke tsattsafowa a hankali ya riƙe fadama har masu noman rani su samu na ban ruwa. Sauran ya malala a bisa ƙasa ya nemi gangare. Ambaliya daga wannan na ukun take zuwa, kuma yawansa ya dogara da abin da ɗigon ruwa ya tarar a lokacin da ya sauka. Idan gona ce mai kunya da ciyawa, abin da zai malala bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba. Idan rufin kwano ne da daɓen siminti da kwalta, kashi 90 ne zai fita. Filotin nan da yake gona yana sakin lita 4,600 ko ƙasa da haka. Ranar da aka gine shi aka shafe tsakar gida da siminti, sai ya koma sakin lita 21,000. Ruwan sama bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba, amma abin da maƙwabcin ƙasa zai karɓa ya ninka fiye da sau 4. Yanzu ka tuna yadda tsakanin Samaru da Kwangila yake lokacin da mahaifinku ya yi gini, ka dubi yadda Palladan da Hanwa da Zango suka cika suka haɗe a yau, ka ninka lissafin nan da yawan filotan da aka gine.

Akwai kuma halin ƙasar kanta. Ƙarƙashin Zariya dutse ne, ƙasar da ke bisansa ba ta da zurfi sosai, wasu wuraren ma marmara ce kusa-kusa. Ƙasar wajen Samaru kuma an san ta da yin ɓawo: idan ruwa mai ƙarfi ya dake ta babu ciyawa, sai samanta ya toshe, ruwan da ya biyo baya ya zame ya wuce. Sannan ruwan milimita 50 a watan Yuni daban yake da milimita 50 a ƙarshen Agusta. A Yuni ƙasa tana da ƙishirwa, za ta shanye mafi yawansa. A ƙarshen Agusta ta ƙoshi, ko gona ce ba ta da wurin sa wani. Shi ya sa ruwan da bai kai ya kawo ba yakan yi ɓarna a ƙarshen damina, bayan wanda ya fi shi ya wuce lafiya a farkonta.

Amma a ganina abin da ya fi yawan ruwan muhimmanci, wanda kuma mutane ba su cika kawowa a rai ba, shi ne saurinsa. Da can ɗigon da ya faɗi a gona sai ya yi ta kewaye-kewaye tsakanin kunya da ciyawa, ya tsaya a kwari, ya shiga fadama, kafin ya kai rafi an yi sa'o'i, wani ma sai gobe. Ruwan kusa ya riga ya wuce kafin na nesa ya iso, rafi ya ɗauke su bi da bi. Yanzu kwano ya miƙa wa daɓe, daɓe ya miƙa wa rariya, rariya ta miƙa wa lambatun siminti mai santsi, cikin 'yan mintoci yana cikin ƙorama. Ruwan unguwanni goma ya iso gada ɗaya a lokaci ɗaya. Makwararin rafi kuwa yana nan yadda yake, in ma bai ragu ba. Idan ruwa yana tafiyar mita 1 a daƙiƙa, kilomita 3.6 ke nan a awa, don haka wanda ya taso daga nisan kilomita 10 zai iso bayan kusan awa 3. Ka ga dalilin da ya sa aka yi ruwa a can da tsakar dare, ku kuka tashi da shi da asuba.

Maganar buɗe dam kuwa, duk damina sai an yi ta, ba a Zariya kaɗai ba. Gaskiya ne akwai manyan madatsu masu ƙofofi da ake buɗewa da gangan, irin Lagdo ta Kamaru wadda sakin ruwanta ya shafi garuruwan bakin Binuwai a 2012 da 2022, ko Kainji da Shiroro. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke sama da Tudun Wada, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Madatsar Galma da ke Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau a kan wani kogin take. Wadda ke sama da ku a kan Kubanni ƙarama ce, kuma ƙa'idar ƙananan madatsu ita ce a yi musu mafita a gefe, idan sun cika rarar ta tsallake da kanta. Madatsar da ta cika ba ta ƙirƙirar ruwa. Abin da ya shigo mata ta sama shi ke fita ta ƙasa, har ma takan ɗan karya masa ƙarfi saboda ya bazu a cikin tafki kafin ya fita. Ga inda ruɗanin yake: a farkon damina tafkin yana da sarari, sai ya yi ta shanye ruwan da ke zuwa, ku na ƙasa ku ga rafi a kwance. Ranar da ya cika, ruwan sama na gaba ya wuce gaba ɗaya, rafi ya canja hali a dare guda, sai a ce ai buɗewa aka yi. Abin tsoro game da madatsa shi ne ta fashe, wannan kuwa ba ya ɓoyuwa.

Inda Galma ke shafar ku shi ne idan ya cika. Rafi ba ya iya juye ruwansa cikin kogin da ya kai shi tsayi, sai ruwan ya tokare ya riƙa komowa baya. Haka idan Kubanni ya cika, bakin lambatunku ya nutse a cikinsa, sai ka ga ruwa yana fitowa ta rariyar da aka yi don ya fita.

Shin ruwan sama ya ƙaru? A nan masu wannan magana suna da rabonsu na gaskiya, kuma shekarar da aka gina gidanku ta ba ni haske. Arewa ta sha fari mai tsanani a 1972 zuwa 1973, aka sake wani a 1983 zuwa 1984, kuma waɗannan shekaru ashirin ɗin gaba ɗaya na ƙarancin ruwa ne. A lokacin fadamu da yawa sun bushe har suka yi kama da tudu, aka yanka su filoti, mutane suka saya da zuciya ɗaya. Daga shekarun 1990 damina ta fara dawowa da ƙarfinta, ruwa ya zo neman tsohon makwancinsa ya tarar da ɗakuna. Ba ina cewa lallai gidanku a fadama yake ba, amma da ni ne zan tambayi dattawan unguwa abin da ake nomawa a wurin kafin a yi gini. Idan suka ce rake ko shinkafa, ka samu amsa. Bayan haka salon saukar ruwan ma ya sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu juye ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ninka sau 3 a yankin Sahel tun daga 1982. Zariya tana kudu da Sahel, amma irin waɗannan hadura masu tasowa daga gabas su ne ke ba mu ruwa. Milimita 60 da aka yi mamakonta yini guda ƙasa za ta sha da yawa. Ita ɗin dai idan ta sauka cikin awa ɗaya, lambatu ne zai ji a jikinsa.

Duk da haka, idan aka ce in auna, zan ɗora nauyi mafi yawa a kan abin da muka yi wa ƙasa, ba abin da sama ta yi mana ba. Ka ɗauki kududdufai. Kakanninmu sun haƙa su ne don samun ƙasar gini, ta gidaje da ta ganuwa, amma sai suka zama wurin da ruwan unguwa ke taruwa ya jira. Kududdufi mai faɗin mita 50 da 50, idan yana da sararin mita 2 kafin ya cika, zai riƙe lita miliyan 5, ruwan filoti sama da 200 ke nan a irin daren da muka lissafta. Na san abin da za a ce: sauro, wari, yara na faɗawa. Duk gaskiya ne, kuma duk suna da magani. Amma cike shi da bola a sayar a yi shaguna bai kawar da ruwan ba, ya tura shi ne gidan wanda ke ƙasa. Haka fadamar bakin rafi: aikinta ke nan ta karɓi rarar ruwa idan makwarari ya cika. Duk katangar da aka tura cikinta ta matse rafin, ruwan kuma ko ya hau sama, ko ya ƙara gudu ya ci gaɓar da ke ɗaya gefen.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka gane wane irin ruwa ne ke shigo muku, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai za ka fi ni ganewa. Idan ruwan yana zuwa ana cikin yin ruwan sama, ta gefen tudu, baƙi-baƙi da leda da robobi, kuma ya janye ba da jimawa ba bayan an ɗauke, wannan na titi da lambatu ne. Idan yana zuwa bayan sa'o'i, ta gefen gangare, ja mai laka da karare da rassan itace, wannan na rafi ne, kuma irinsa ka kwatanta. Akwai na uku da ake yawan ɗora wa magini laifinsa: ruwa garai-garai da ke tsattsafowa ta daɓen ɗaki a ƙarshen Agusta ko Satumba, bango ya yi danshi har ya fitar da gishiri-gishiri, rijiya ta cika har a ɗiba da hannu, masai ma ya cika. Wannan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso, yakan yi kwanaki bai tafi ba, kuma yashe lambatu ba ya taɓa shi. Gida ɗaya yana iya fama da biyu a cikinsu.

Na titi shi ne mai sauƙi, kuma aikin gayya ne. A yashe lambatu a watan Afrilu ko farkon Mayu, a fara daga ƙasa inda ruwan ke fita a hauro sama. Yawancin unguwanni akasin haka suke yi, kowa ya gyara ƙofar gidansa, ruwan ya ƙara gudu ya je ya taru inda aka bari. Abin da aka kwaso kuma a ɗauke shi a ranar, don idan aka tara shi a bakin lambatu ruwan farko zai mayar da shi. A duba kwalbati musamman, don a nan matsalar ta fi ɓuya. Wanda yashi ya cika rabinsa ya rasa rabin aikinsa ko fiye. Girmansa kuma ba yadda ido ke gani yake ba: bututu mai faɗin santimita 90 yana ɗaukar kusan ninki 3 na mai santimita 60. Mai gida da ya sa ƙaramin bututu a ƙofarsa don motarsa ta samu hanya, ya yi wa layin gaba ɗaya madatsa. Haka titin da aka yi wa ciko ya fi daɓen gidaje tsayi ba tare da isassun kwalbatoci ba.

Na rafi kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba, ba a hana shi zuwa, sai dai a rage masa ɓarna. A gida, a ɗaga dokin ƙofa da daɓen ɗakuna sama da alamar da ruwan ya bari a bango, da rarar aƙalla taki ɗaya. A mayar da soket da wayoyin wuta sama. Idan ginin ƙasa ne a yi wa gindin bango siminti ko dutse, don daga tushe yake jiƙa ya zauna. A yi wa rariya murfin da za a iya toshewa idan rafi ya fara komowa. Sannan ka samu wani amintacce a Samaru ko Shika wanda zai kira ka idan an yi ruwa mai ƙarfi da dare. Wannan kiran zai ba ku sa'o'i na kwashe yara da takardu da hatsi. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, yana da amfani don sanin irin shekarar da ake ciki, amma labarin daren yau a wajen mutanen sama yake. Kuma a ja wa matasa kunne kan tsallake gadar da ruwa ya rufe: ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da mota.

Gyara na haƙiƙa a sama yake, wurin mutanen da ba su taɓa kwashe kaya ba, shi ya sa yake da wuya. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana tara lita 100,000 a damina ɗaya. Mai gidan da ya sa tanki a ƙarƙashin indararo, ya bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, ya haƙa ramin tsakuwa da zai shanye rarar nesa da tushen gini, ya rage wa na ƙasa nauyi, rijiyarsa kuma ta ƙara daɗewa da rani. A gona, a yi kunya a gicciye da gangare, a bar ciyawa irin su jema da gamba a bakin ƙorama maimakon a nome har gaɓa. Wannan na ƙarshen yana da wani amfanin: duk jan ruwan da ka gani a rafi ƙasar gonar wani ce ke tafiya, kuma inda ruwa ya tsaya nan take kwantawa. Haka madatsu ke cikewa da laka shekara bayan shekara, ruwan shan da suke riƙewa ya ragu, sararin da suke da shi na shanye ruwan farkon damina ma ya ragu. Takin zamani da ruwan kwata da ke biyo ta kuma su ne abincin kainuwa da gansakuka da ke rufe fuskar tafki. Masu haƙar yashi a cikin rafi su ma suna zurfafa makwarari, gaɓa ta riƙa zaftarewa, tushen gada ya fito fili. Irin waɗannan sai an haɗa da mai unguwa da hakimi da hukumar tsara birane ta KASUPDA, kuma ƙorafin da ya zo da hotuna da kwanan wata da alamar tsayin ruwa a bango ya fi wanda ya zo da baki kawai samun shiga.

Idan wata rana kuka yi shawarar sayen fili a wani wuri, kada ka je dubawa da rani. Ka je a ƙarshen Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka dubi launin ƙasa: baƙar laka mai tsagewa idan ta bushe ta fadama ce, ko da dillali ya rantse. Ka dubi bangon maƙwabta ko akwai layin da ruwa ya zana, da leda da ta maƙale a rassan itatuwa sama da ƙasa. Kada kuma "shekara goma ruwa bai zo nan ba" ta ruɗe ka. Ambaliyar da masana ke cewa ta shekara 20 ba jira take shekara 20 ta cika ba, kowace damina tana da damar kashi 5 cikin 100, kuma a cikin shekara 30 na zaman gida damar ta same ka aƙalla sau ɗaya ta kusa kashi 80.

Abu ɗaya da bai kamata ya jira ba shi ne rijiyarku. Duk rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga, ko ya kewaye bakinta, a ɗauka ta gurɓata, domin ruwan nan ya bi ta masai da bola kafin ya iso, kuma ta nan amai da gudawa ke shiga gida bayan ruwa ya janye. A kwashe ta, a sa mata sinadarin kulorin bisa shawarar ma'aikatan lafiya, a riƙa tafasa na sha har ta washe. A ɗaga bakinta da siminti sama da inda ruwan ya kai, a yi mata murfi. Idan za a haƙa sabon masai, ya kasance a gefen gangare daga rijiya, da tazarar aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30.